Tafkuna ko inji: wace hanyar tace ruwan ƙazanta ta dace da ƙaramin gari a bakin gulbi?

Ruwan lambatu da na kwatami da na mayanka, in ya bar bayan gari, wurin mutane yake zuwa: mai lambun albasa, mai wanki, makiyayin da ya kawo shanu mashaya, yaran da ke iyo da azahar. Garuruwanmu a jere suke a bakin ruwa, daga Goronyo zuwa Wurno, birnin Sakkwato, Wamakko, har Argungu da Birnin Kebbi, kowanne yana karɓar abin da na sama da shi ya saki. Da damina gulbi yana da ƙarfin haɗiye abu mai yawa. Da bazara kuwa, sa'ad da ƙaramin rafi ya koma siririn zare a tsakiyar yashi, abin da gari ya zubar kan zama babban kaso na ruwan da ke gudana. Saboda haka duk ƙaramar hukumar da aka kawo wa tayin gina matatar ruwan ƙazanta, da watan Afrilu ya kamata ta auna tayin, ba da ranar yanke kyalle ba.

Hanyoyin da ake zaɓa a tsakaninsu uku ne: tafkuna a jere waɗanda rana da gansakuka ke yi wa aiki, fadamar tsakuwa da aka shuka wa ciyawa, da injin da ke hura iska cikin tanki, wanda mafi tsadarsa ke da matata mai siraran ƙofofi. Ra'ayinmu shi ne ga yawancin ƙananan garuruwan Sakkwato tafkuna ne suka fi kare na ƙasa da su, muddin an ƙara musu mataki ɗaya a ƙarshe, kuma aka hana ruwansu shiga gulbi da rani. Inji yana da wurinsa, za mu zo kansa.

Akwai tambayar da ta riga wannan duka: ta ina ruwan zai iso matatar? Gidajenmu masai da sokawe suka dogara da su, ruwan wanka da wanke-wanke kuma lambatu yake bi. Garin da ba shi da bututun tattara ruwa a ƙarƙashin ƙasa, in aka gina masa inji, an gina tukunya ce ba tare da abin dafawa ba. Irin wannan gari abin da ya fi buƙata da farko shi ne wurin da motocin kwasar masai za su juye kayansu, maimakon bayan gari ko bakin fadama. Gadajen busarwa sun isa wannan aiki: tsakuwa a ƙasa, yashi mai kaurin santimita 10 zuwa 20 a kai, a zuba dagwalo kada ya wuce santimita 30, ruwan ya tsiyaye ta bututun ƙasa zuwa tafki. Da rani mako ɗaya zuwa biyu ya bushe. In kuma za a shimfiɗa bututu, ba dole sai manya masu zurfi ba. Tsarin da aka yi a Brazil da unguwar Orangi ta Karachi a Pakistan ya nuna bututu mai faɗin milimita 100, da gangaren mita 1 a kowace mita 200, yana ɗaukar unguwa guda. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassauta shi: ruwan sama ba ya shiga wannan bututu. Hadari guda na watan Agusta ya isa ya wanke matata ya cika ta da yashi.

Bari mu ɗauki misali don lissafi ya fito. Gari mai mutum 20,000, kowa yana sakin lita 60 a rana, ya ba da lita miliyan 1.2, wato mita kubik 1,200. Ƙarfin ƙazanta ana auna shi da abin da ake kira BOD, wato yawan iskar oksijin da ƙwayoyin bakteriya za su cinye kafin su ruɓar da dattin. In aka ɗauki giram 40 ga kowane mutum a rana, garin yana fitar da kilo 800. Raba shi cikin wancan ruwa, ka sami miligiram kusan 670 a kowace lita. Wannan ruwa ne mai kauri, ya ninka na biranen Turai, don mu ba ma zubar da ruwa da yawa. A riƙe wannan, domin injin da aka ƙera bisa ruwan Turai yana iya shaƙewa da namu ko da yawan litocin bai wuce abin da aka rubuta a jikinsa ba.

Tafkuna hawa uku suke. Na farko mai zurfi ne, mita 3 zuwa 4, babu iska a cikinsa, aikinsa kwantar da dagwalo da ruɓar da shi. Ana tsara shi da sanyin Disamba da Janairu, lokacin da bakteriya suka fi kasala. In aka ɗauki digiri 22, kowace mita kubik tana ɗaukar giram 320 a rana, sai garinmu ya buƙaci mita kubik 2,500. Ruwa yana kwana biyu a ciki, ya fito an cire masa kusan kashi 60 zuwa 65 cikin ɗari na BOD. Na biyu mai faɗi ne, zurfinsa mita ɗaya da rabi. Nan gansakuka ke samar da oksijin da hasken rana, bakteriya su yi amfani da shi su cinye sauran dattin. A wannan yanayi hekta ɗaya tana ɗaukar kilo kusan 290 a rana, daidai da abin da ya rage, don haka hekta guda ta wadatar, ruwa ya yi kwana goma sha biyu. Na uku su ne tafkunan ƙarasawa, zurfin mita ɗaya, guda uku a jere, kwana huɗu-huɗu. Su ke kashe ƙwayoyin cuta: rana tana dukan ruwan har ƙasa, gansakuka kuma tana ɗaga pH, wato ma'aunin tsami da kanwa-kanwar ruwa, ya wuce 9 da la'asar, wanda bakteriyar hanji ba ta jurewa. Ƙwayayen tsutsar ciki kuwa nauyinsu ke kai su ƙasa. Jimla, ruwa ya yi kusan kwana 26 a kan fili mai hekta biyu da rabi, a ce uku da rabi in an haɗa da ganuwa da hanya. Zafin da muke kuka da shi shi ne jarin wannan tsari. Garin da ke ƙasa mai sanyi sai ya nemi fili ninkin wannan.

Tafki ba kududdufi ba ne, kuma inda aka mayar da shi kududdufi nan yake lalacewa. Ƙasarmu yashi ce a wurare da yawa, ga duwatsun farar ƙasa masu tsaga a yankin Kalambaina, ga ruwan fadama kusa da sama inda manoma ke kafa tiyo. Dole a daɓe gindin tafki da yumɓu mai kaurin santimita 30 a kirɓa shi hawa-hawa, ko a shimfiɗa baƙar roba mai kaurin milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In ba haka ba, abin da aka hana gulbi an ba rijiya. Mashiga da mafita su kasance a kusurwoyi masu kallon juna a karkace, don kada ruwa ya yanke hanya ya fita a kwana uku alhali an lissafa masa goma sha biyu. Mafitar tafki na biyu a nutsar da ita santimita 60, ƙarƙashin inda gansakuka ke taruwa. Gefen ganuwa, daidai inda ruwa ke taɓawa, a jera dutse ko falen kankare, domin ciyawar da ta tsiro cikin ruwa ita ce gidan sauro da na katantanwar da ke ɗauke da tsargiya. A gaban komai a sa ragar ƙarfe mai tazarar santimita biyu da ramin tarar yashi, a kuma sami mai kwashe su kullum, don ledar fiya wata kaɗai ta isa ta toshe mashiga. Wurin ya yi nisan mita 300 zuwa 500 da gidaje, a killace shi da waya saboda yara da dabbobi, kuma ya fi inda ambaliyar 2010 ta kai tudu.

Abin da ya fi kashe tafkuna shi ne rashin kwashe dagwalo. Kowane mutum yana barin kusan lita 40 a shekara a tafkin farko, wato mita kubik 800 ga garinmu, sulusin tafkin ke nan cikin shekara guda. In aka bar shi, ruwa ba ya samun wurin kwana, ɗanye yake wucewa tafki na biyu. Mai lura zai gani da idonsa: lafiyayyen tafki kore ne shar, in ya fara komawa ruwan hoda ko shunayya an yi masa lodi, in ya yi toka-toka da warin ruɓaɓɓen ƙwai to ya mutu. Maganin shi ne a gina tafkin farko guda biyu gefe da gefe, a huta da ɗaya kowane rani a kwashe shi. Dagwalon da aka kwaso cike yake da ƙwayayen tsutsa masu rai, sai ya shekara a ajiye a bushe kafin a kai shi gona.

Inji kuwa fili kaɗan yake ci, bai kai rabin hekta ba ga wannan gari. Ana riƙe tarin bakteriya a tanki, giram 3 zuwa 4 a kowace lita, ana hura musu iska dare da rana, sannan a kwantar da su a wani tanki a mayar da su farko. Irin wannan tsari ne a matatar Wupa ta Abuja. In yana tafiya daidai, ruwan da ke fita garau yake, BOD ƙasa da miligiram 20 a lita, kuma yana iya juya amoniya, wato sinadarin naitirojin da ke fitowa daga fitsari, zuwa naitiret har ya fitar da ita a matsayin iska, abin da tafki ba ya yi da tabbas. Wannan fifiko ne na gaske, ba za a musa ba.

Kuɗinsa wuta ce. Kilo 800 na BOD yana neman kusan kilo 1,200 na oksijin, kuma a aikace kilowat-awa ɗaya kilo ɗaya yake narkarwa ko kusa da haka. Kilowat 50 ke nan ba tsayawa, kafin a ƙara na amoniya, wadda kowane kilo na naitirojin ɗinta ke cin kilo 4.6 na oksijin. A janareta wannan ya kai lita 350 zuwa 400 na dizal a kowace rana, har ranar Sallah. Sola tana ɗaukar yini, amma bakteriya ba sa barci, sai an tanadi batirin da zai riƙe kilowat-awa kusan 700 na dare. Zafi ma a nan abokin gaba ne: ruwa mai digiri 20 yana riƙe miligiram 9 na oksijin a lita, mai digiri 35 bai kai 7 ba, ga shi bakteriya sun fi cin iska a lokacin, injin hurawar kuma yana shaƙar ƙurar hunturu. In oksijin ya sauka ƙasa da miligiram 2 na tsawon lokaci, wasu bakteriya masu kamar zare suna yawaita, dagwalo ya ƙi kwanciya ya bi ruwa ya fita. Gwajinsa mai sauƙi ne: a cika kwalbar awo ta lita ɗaya da ruwan tankin, a jira minti 30, a ga inda dagwalon ya tsaya. Amma gyaransa sai wanda ya san aikin, kuma masu juya amoniya in suka mutu, makonni suke ɗauka kafin su dawo.

Mai matata, wanda ake kira MBR, ya fi kowanne fitar da ruwa mai kyau. Ƙofofin matatarsa ba su kai maikiron ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, bakteriya da ƙwayayen tsutsa ba sa wucewa. Sai dai yana ƙara cin wuta, yana buƙatar raga mai ido milimita ɗaya zuwa biyu don gashi da zare, ana wanke shi da sinadarin kulorin da ruwan tsami a kan ƙa'ida, ba a barin matatar ta bushe, kuma bayan shekara bakwai zuwa goma sai an sayo sabuwa daga waje da kuɗin waje. Birnin Windhoek na Namibiya tun 1968 yake tace ruwan ƙazanta har ya koma na sha, amma da ɗakin gwaji da ma'aikata da wutar da ba ta yankewa ya kai ga haka.

To me na ƙasan gulbi zai gani? A nan ne ƙasidar ɗan kwangila ke iya ruɗar mutum, domin ruwa garau ba shi ne ruwa mai lafiya ba. Inji na gama-gari yana rage bakteriyar hanji da kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari. Adadin kamar babba, amma ɗanyen ruwa yana ɗauke da miliyoyi a kowace mililita 100, don haka dubun dubatai ne ke saura. Sai an bi shi da kulorin ko fitilar kashe ƙwayoyin cuta. Kulorin ba ya kashe ƙwayayen tsutsa, in ya haɗu da amoniya kuma yana zama guba ga kifi. Fitilar tana son ruwa marar gurɓi da mai goge gilashinta. Tafkunan misalinmu kuwa, ba wuta ba sinadari, suna iya kai ruwa ga ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a 1989 don ban ruwan kayan lambu: bakteriyar hanji kada ta wuce 1,000 a mililita 100, ƙwan tsutsa kada ya wuce ɗaya a lita. Ga jihar da ta sha kwalarar 2021, wadda aka ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a faɗin Nijeriya, wannan shi ne ma'aunin da ya fi kowanne nauyi.

Inda tafki ke da rauni shi ne gansakuka da amoniya. Ruwansa kore yake fita. In ya faɗa rafin da ba ya gudu, gansakukar tana ba da oksijin da rana ta shanye shi da dare, sai a wayi gari kifi na haki a saman ruwa. Tarwaɗa tana shaƙar iska ta tsira, giwan ruwa ba ta da wannan dabara. Amoniya kuma gubarta tana bin pH da zafi: a digiri 30, kashin da ke cutar da kifi bai kai 1 cikin ɗari ba a pH 7, ya haura 7 a pH 8, ya kusan 45 a pH 9. Lissafin gauraya ma a yi shi a fili. Bayan an cire abin da tururi ke ɗaukewa daga tafkunan, garinmu yana sakin kusan lita 12 a daƙiƙa. In BOD ɗinsa 40 ne ya shiga rafi mai lita 60 a daƙiƙa da BOD 2, gaurayen ya haura 8, ya ninka huɗu. Da damina, a rafi mai lita 5,000 a daƙiƙa, da wuya ma'auni ya nuna bambanci.

Amma akwai abin da ya fi wannan duka muni, shi ne ranar da inji ya tsaya. Ƙazantar da a da take warwatse a masai dubu, yanzu an tattara ta a bututu guda, kuma bututun gulbi ya nufa. Tafkin da aka yi sakaci da shi a hankali yake lalacewa, ko a mummunan hali ruwa ya yi makonni a rana kafin ya fita. Inji in ya tsaya, cikin yini guda ɗanyen ruwa ne ke fita. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Duk wanda ya nace sai inji, to ya haƙa tafkin ko-ta-kwana mai ɗaukar ruwan kwana uku zuwa biyar, inda bututun kaucewa zai zuba.

Raunin tafki ana rufe shi da mataki na ƙarshe. Fadamar tsakuwa rami ne mai daɓe, zurfin santimita 60, gangaren kashi ɗaya cikin ɗari, ruwa yana bi ta ƙarƙashin tsakuwar ba ya fitowa sama, don haka sauro ba ya samun wuri. Gansakuka in ta rasa rana a ciki mutuwa take. Ita kaɗai ba ma ba da shawararta ga gari guda, domin ɗanyen ruwa da ƙura suna toshe ta, kuma tsakuwar da za ta ci tana da yawa, amma a bayan tafki ko ga makarantar kwana tana aiki sosai. Ciyawar da za a shuka a yi hattara da ita. Kachalla tana yi, sai dai wanda ya ga yadda ta cinye hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru ba zai kawo ta inda babu ita ba. Jema ta fi kwanciyar hankali, ga saiwa mai zurfi, ga amfani in an yanke.

Mataki mafi ƙarfi kuwa shi ne kada ruwan ya shiga gulbi sam daga Nuwamba zuwa Mayu. Tururi yana ɗauke milimita 8 zuwa 10 a rana da bazara, wato mita kubik 200 zuwa 250 daga tafkunanmu, saura kusan 1,000, wanda zai shayar da hekta 12 zuwa 15. Naitirojin da fosfaros da ke zama annoba a gulbi, a gona taki ne. Manomi ya rage yuriya, in ba haka ba alkama ta yi tsawo ta kwanta. A fara da masara, alkama, harawa da itatuwa. Latas da karas da duk abin da ake ci ɗanye sai gwaji ya tabbatar da wancan ma'auni, a kuma daina ban ruwa kwanaki kaɗan kafin girbi. Gishiri shi ne abin sa ido, don tururi yana ƙara masa kauri: albasa ba ta jure shi, alkama tana jurewa. Wannan ruwa na gona ne, ba na sha ko alwala ba. Fatawar da majalisar manyan malaman Saudiyya ta bayar a 1978 ta shafi ruwan da aka tace har launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa suka koma na asali, ruwan tafki kuwa bai kai nan ba.

Ko wace hanya aka zaɓa, mayanka da majema da marina da garejin bakanike ba sa shiga kai tsaye. Jinin saniya ɗaya ya kai ƙazantar mutum kusan 50 a rana, a tare shi a mazubi, kayan tumbi kuma a kai wa masu taki. Sinadarin jima na zamani da baƙin mai suna kashe bakteriyar inji da ta tafki duka.

Inji ya cancanta inda fili ya yi ƙaranci da gaske, ko inda mafitar take kusa da wurin da ake ɗibar ruwan famfo, ko a asibiti, bariki da rukunin gidajen da ke da bututu, da wutarsu, da kasafin da ba ya jiran a tuna da shi. A nan ma a sa a yarjejeniya cewa wanda ya gina shi zai gudanar da shi aƙalla shekara biyar, a biya shi bisa sakamakon gwaji, kuma ya nuna inda ake samun kayan gyara a cikin ƙasa.

Gwajin kuma a yi shi a gulbin, ba a bakin bututu kaɗai ba. A ɗibi ruwa a sama da mafita, da ƙasa da ita inda ya gama gauraya, da mashaya ta farko da mutane ke amfani da ita. Oksijin da asuba ake auna shi, lokacin da ya fi ƙasa, pH da amoniya kuma da la'asar. Kwalbar gwajin bakteriya a sa ta cikin ƙanƙara ta isa ɗakin gwaji cikin awa shida. A fara wannan shekara guda kafin a sa harsashi, don a san yadda ruwan yake tun asali, a kuma tabbatar Afrilu da Mayu da makon ruwan farko suna cikin jadawalin, domin ruwan farko shi ke kwaso duk abin da lambatu ya tara tun kaka.